A Ina Aka Tsaya? Tsara Ayyukan Jimla, Dakatar da Su da Ɗorawa a Kansu a Kwamfutocin Kasuwanci

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ayyukan jimla, wato ayyukan da kwamfutocin bankuna da kamfanoni da ma'aikatu ke tarawa su gudanar a jere ba tare da wani na zaune yana ba su umarni ba, kamar biyan albashi da lissafin kuɗin ruwa da rufe littafin yini. Ta bi yadda ake jera su, da ire-iren tsayawarsu, da sharuɗɗan da sai sun cika kafin a ɗora daga inda aka tsaya. Hujjarta guda ce: sanin inda aiki ya tsaya bayani ne mai daraja ɗaya da kuɗin da ke cikin asusu, saboda haka dole a rubuta shi tare da aikin, a kuma tsare shi kamar yadda ake tsare asusun. An kafa misali da abin da ya sami bankunan RBS da NatWest da Ulster a shekarar 2012.

1.0 Gabatarwa



Mai asusu a banki yau gani yake komai nan take ake yin sa. Ya danna waya, kuɗi sun tafi, saƙo ya shigo. Amma babban kaso na aikin banki ba ya farawa sai an rufe ƙofa. Da dare ake lissafa kuɗin ruwa a kan kowane bashi, a cire cajin wata, a daidaita abin da aka karɓo daga wasu bankuna da abin da aka aika musu, a rufe littafin yau, a buɗe na gobe. Haka albashi da fansho da takardun kuɗin wuta suke: ana tara bayanan dubban mutane a miƙa wa kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan aiki ya daɗe. A 1951 kamfanin J. Lyons na Ingila, mai shagunan shayi da gidajen burodi, ya fara amfani da kwamfutarsa LEO wajen ƙididdige darajar abin da gidajen burodinsa ke fitarwa duk mako, a 1954 kuma ya ɗora mata lissafin albashi. A 1956 injiniyoyin General Motors da North American Aviation a Amurka suka samar da GM-NAA I/O domin kwamfutar IBM 704, kuma babban aikinsa shi ne ɗauko aiki na gaba da zarar na farko ya ƙare. IBM ta sanar da System/360 a 1964, tsarinta na OS/360 kuma ya zo da JCL, harshen da ake jera wa kwamfuta matakan aiki da shi, wanda har gobe yana aiki a manyan kwamfutocin bankuna. Tun a zamanin OS/360 ɗin aka tanadi hanyar da aiki zai ajiye alamar inda ya kai, domin magabatan wannan fanni sun riga sun gane cewa aikin da ke cin awa shida wata rana zai mutu a awa ta biyar.

Abin da ya dame ni shi ne, da yawa daga cikin manhajojin da muke rubutawa yau an gina su ne a bisa zaton za su fara su ƙare lafiya kullum. Ana gwada farawa, ana gwada ƙarewa, tsakiyar kuwa an bar wa Allah da ma'aikacin dare.

2.0 Jadawali: agogo ko dogaro

Hanya mafi sauƙi ta tsara aiki ita ce a ɗaure shi da agogo. Manhajar cron ta tsarin Unix, wadda Paul Vixie ya sake rubuta sigarta da ta fi yaɗuwa a 1987, gurbi biyar take karɓa: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Lokaci ya yi, ta tayar da aiki. Iyakar saninta ke nan. Ba ta tambaya ko aikin da ya kamata ya rigaya ya gama. In kwamfuta tana kashe a lokacin da aka ɗiba, an rasa wannan zagayen. In aikin jiya bai ƙare ba har lokacin na yau ya yi, sai ta tayar da na biyu a kan na farko, su haɗu a kan bayanai guda.

Ma'aikatu da dama suna rufe wannan giɓi da kintace: aikin farko yakan ci minti arba'in, to a sa na biyu bayan awa ɗaya. Kintacen yana aiki har ranar ƙarshen wata, ranar da bayanai suka ninka, aikin farko ya ci minti saba'in, na biyu ya tashi ya karanta rabin sakamako ya ɗauka cikakke ne. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, domin a idon kwamfuta kowanne ya gama lafiya.

Shi ya sa manyan ma'aikatu ke amfani da manhajojin jadawali irin su CA-7 da Control-M, ko Airflow da aka faro a kamfanin Airbnb a 2014. A waɗannan, abin da ke tayar da aiki shi ne cikar sharaɗi: aikin da ke gabansa ya ƙare da lambar nasara, fayil ɗin da ake jira ya iso, yau ranar aiki ce a kalandar ma'aikata. Ayyukan dare sukan zama sarƙa mai rassa, kuma reshe mafi tsawo shi ke yanke lokacin da za a gama. Jinkiri a kan wannan reshe jinkirin buɗe banki ne, jinkiri a wani reshen kuwa ƙila ba wanda zai sani. Ma'aikacin da bai san wane reshe ne wannan ba, in abubuwa biyu suka lalace masa a dare guda, ba shi da abin da zai auna wanda zai fara gyarawa.

Akwai kuma maganar kwanan wata, wadda ake rainawa. Aikin da ke tambayar agogon kwamfuta "yau wace rana ce" yana ɗauke da tarko. In ya faɗi da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na daren 31 ga wata, aka tayar da shi bayan sha biyu, rabin asusun an lissafa musu a tsohon wata, rabi a sabo. Kwanan watan aiki kamata ya yi manhajar jadawali ta miƙa shi ga aikin tun farko, ya zauna a haka komai sau nawa aka sake tayarwa. Nijeriya da Nijar ba sa juya agogo da sauyin yanayi, amma kwamfutar haya da aka saita da lokacin Landan ko New York tana juyawa sau biyu a shekara, kuma aikin da ya faɗa cikin awar da aka tsallake ko aka maimaita yana iya ɓacewa ko ya gudana sau biyu.

3.0 Tsayawa iri uku

Ba duk tsayawa ce ɗaya ba. Akwai riƙe aiki tun bai fara ba, wanda ba shi da haɗari sai ga ayyukan da ke jiransa. Akwai dakatarwa da sallama, inda ake gaya wa aiki ya tattara ya tsaya. Akwai kuma yankewa ba sallama.

A tsarin Unix da Linux bambancin a fili yake. Saƙon SIGTERM roƙo ne: manhaja tana iya kama shi, ta ƙarasa abin da ke hannunta, ta rubuta inda ta kai, ta fita. SIGKILL kuwa ba a kama shi, ba a kuma jinkirta shi. SIGSTOP yana daskarar da aiki har sai an aiko masa da SIGCONT, amma duk makullan da ya riƙe a rumbun bayanai suna nan a hannunsa, kuma in kwamfutar ta mutu komai ya tafi. Sababbin tsare-tsare sun sa wa sallamar wa'adi. Kubernetes, in ba a sauya saitinsa ba, daƙiƙa 30 yake bayarwa tsakanin roƙo da kisa. Kwamfutocin haya masu rahusa na Amazon, waɗanda kamfanin ke iya karɓewa in yana bukata, gargaɗin minti biyu suke bayarwa. Manhajar da ba ta iya tattarawa cikin wannan wa'adi, duk dakatarwarta yankewa ce.

Masu aiki da manyan kwamfutocin IBM sun haddace lambobin mutuwar aiki: S0C7 in an sami abin da ba lamba ba a gurbin lamba, SB37 in wurin ajiya ya cika, S322 in aiki ya wuce lokacin da aka yanka masa, S222 in an soke shi da hannu. Amfanin lambobin shi ne suna raba cuta biyu da maganinsu ya bambanta. Wurin ajiya in ya cika, a ƙara wuri a ɗora. Gurɓataccen bayani kuwa, ko sau ɗari aka sake tayar da aikin a nan zai sake faɗuwa. Manhajar da aka saita ta riƙa sake gwadawa da kanta ba tare da ta bambance waɗannan ba, dare kawai take cinyewa.

4.0 Zango

Fatake ba sa lissafin tafiya da taku, da zango suke yi: in wani abu ya faru a hanya, zangon da aka baro shi ne abin da aka tabbatar. Haka nake so mu ɗauki alamar da aiki ke ajiyewa bayan kowane rukuni na bayanai, kuma zango zan ci gaba da kiran ta.

A ɗauka, domin misali, ma'aikata 40,000 ake biya, manhaja kuma tana yada zango bayan kowane mutum 500. Wuta ta ɗauke tana kan mutum na 17,230. Zangon ƙarshe yana kan 17,000. Abin da ake so shi ne mutum 230 ɗin da aka taɓa bayan zangon a warware nasu kamar ba a fara ba, a tashi daga na 17,001. Rumbunan bayanai na zamani sun iya wannan, domin ƙa'idarsu ce cewa mu'amala ko ta shiga gaba ɗaya ko kada ta shiga ko kaɗan. Ita ce ta farko cikin siffofi huɗu da Theo Härder da Andreas Reuter suka taƙaita da sunan ACID a 1983.

Matsalar tana inda ake rubuta zangon. A ce biyan kuɗin yana shiga rumbun bayanai, zangon kuma ana rubuta shi a wani fayil daban. To rubutu biyu ne, dole ɗaya ya riga ɗaya. In an fara tabbatar da biyan sannan a rubuta zango, wuta ta ɗauke a tsakani, fayil zai ce 16,500 alhali rumbu ya biya har 17,000, kuma da an ɗora mutum 500 sun sami albashi biyu. In an juya, aka fara rubuta zango, to mutum 500 ne za a tsallake, su wayi gari abokan aikinsu sun ga saƙo su ba su gani ba. Tazarar da ke tsakanin rubutun biyu ba ta kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa gwaji ba ya kama ta, masu rubuta manhaja kuma suke ce wa kansu ba za ta faru ba. Aikin da ke yada zango sau tamanin a kowane zagaye, a kowane wata, shekara da shekaru, yana buɗe wannan ƙofa sau dubbai.

Magani ɗaya ne na gaskiya, kuma shi ne sharaɗi na farko: zangon ya shiga cikin mu'amala guda da aikin, a rumbu guda, hatimi guda ya tabbatar da su. Ko su tsira tare ko su warware tare. Tsarin IMS na IBM ya tanadi kiran CHKP domin yada zango da XRST domin tashi daga gare shi, kuma kiran CHKP ɗin shi ne kuma ke tabbatar da canje-canjen da aka yi a rumbu. Manhajar Spring Batch, da ma'aunin JSR 352 na harshen Java da aka kammala a 2013, sun bi tsarin sarrafa bayanai rukuni-rukuni tare da ajiye matsayin aiki. Sai dai kayan aiki ba sa hana mai gini kuskure. In aka ajiye matsayin a wani rumbu daban da na kuɗin ba tare da an ɗaure su a mu'amala guda ba, tsohuwar ƙofar tana nan a buɗe.

Sharaɗi na biyu: zango ya ambaci wane ne na ƙarshe, ba mutum nawa aka wuce ba. "Na gama 17,000" ba shi da ma'ana in a tsakanin faɗuwa da tashi an ƙara sabon ma'aikaci a jerin ko an cire wanda ya rasu, domin kowa ya gusa. "Na gama har lambar ma'aikaci kaza, a jerin da aka tsara bisa lamba" shi ne zancen da ke tsayawa. Ya fi kyau ma a daskarar da jerin tun farkon aiki, a ɗora a kan wannan kwafin. Masu JCL sun san irin wannan gusawa: fayil ɗin da aiki ya ƙirƙira da alamar +1, wato sabon zubi, in an sake tayar da aikin daga wani mataki na tsakiya ya riga ya zama zubi na 0, kuma wanda bai gyara lambobin ba zai karanta abin da bai nufa ba.

Sharaɗi na uku ya shafi abin da ya riga ya bar gida. Rumbun bayanai yana iya warware abin da ke cikinsa, amma ba ya iya dawo da umarnin biya da aka aika wa wani banki, ko saƙon waya da ya riga ya shiga hannun mai asusu. A nan dole kowane umarni ya ɗauki lambar da ba ta sauyawa komai sau nawa aka aika shi, misali lambar ma'aikaci haɗe da wata da nau'in biya, mai karɓa kuma ya ƙi duk wanda ya taɓa gani. Lambar da ake ƙirƙira sabuwa a kowane tashi ba ta kare kowa. Inda kuwa aikin ya riga ya auku kuma kuskure ne, sai a bi shawarar da Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka kawo a 1987 game da dogayen mu'amaloli: kowane mataki a rubuta masa matakin da ke rama shi tun ranar da aka rubuta shi. Ramawa ba gogewa ba ce. Mai asusu zai ga shigar kuɗi ya ga fitarsu, kuma haƙƙinsa ne a yi masa bayani.

5.0 Nisan da ke tsakanin zanguna

Yada zango yana cin lokaci, nisanta shi kuma yana ƙara yawan abin da za a maimaita. John Young ya ba da ƙiyasi a 1974: a ninka lokacin da zango ɗaya ke ci sau biyu, a ninka da matsakaicin lokacin da ke tsakanin faɗuwa da faɗuwa, a ɗauki tushen murabba'in sakamakon. In zango yana cin daƙiƙa 30, kwamfuta kuma takan faɗi sau ɗaya a awa 10, tazarar ta kusa minti 25. In faɗuwar ta koma sau ɗaya a awa guda, tazarar ta sauko kusan minti 8. Ma'anarsa a wurinmu a fili take. Saitin da ya zo da manhaja daga inda wuta ba ta ɗaukewa bai dace da ɗakin kwamfutar da ke sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da batir ba. Kowace ma'aikata ta auna nata.

Lissafin Young bai san da makulli ba. Tun da NIBSS, mai daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Nijeriya, ta ƙaddamar da tura kuɗi nan take a 2011, asusun Nijeriya ba sa barci, aikin dare yana gudana ne mutane na cire kuɗi a POS. Rukuni mai girma yana riƙe asusu da yawa a kulle na tsawon lokaci. Sau da yawa wannan ne ke tilasta a ƙanƙanta rukuni, tun kafin a zo maganar faɗuwa.

6.0 Ranar da jadawalin kansa ya rikice

Duk abin da na faɗa ya shafi aiki guda. Manhajar jadawali ma tana da nata sanin inda aka tsaya: wane aiki ya gama, wane ke gudana, wane ke jira.

Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012, sashen fasaha na rukunin bankunan RBS a Birtaniya ya sabunta manhajar da ke tsara ayyukan dare, wadda jaridu suka bayyana cewa CA-7 ce. Da aka ga matsala, sai aka yanke shawarar cire sabuntawar a koma tsohuwar siga. Hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta gano cewa an yi haka ba tare da an gwada abin da cirewar za ta haifar ba, kuma ba a lura cewa sabuwar sigar ba ta jituwa da tsohuwar ba. Ayyukan dare suka kasa gudana yadda aka tsara. Fiye da mutum miliyan 6.5 abin ya shafa. Wasu sun kasa ganin sahihin abin da ke asusunsu, wasu sun makara wajen biyan bashin gida, wasu sun maƙale a ƙasashen waje ba kuɗi, wasu kamfanoni sun kasa biyan ma'aikatansu, an kuma lissafa wa wasu kuɗin ruwa ba daidai ba. Abokan hulɗar Ulster Bank sun fi kowa daɗewa a ciki, har cikin watan Yuli. A Nuwamba 2014 FCA ta ci bankunan tarar fam miliyan 42, hukumar PRA mai sa ido kan bankuna ta ƙara fam miliyan 14, Babban Bankin Ailan kuma ya ci Ulster Bank yuro miliyan 3.5.

Abin lura shi ne manhajar da ta rikice ba ta riƙe kobon kowa ba. Aikinta kawai ta san wane ke bin wane. Da wannan sani ya kuɓuce, sai da mutane suka koma bin ayyuka da hannu, dare kuma ba ya jira: kafin a gama na Talata, na Laraba ya iso. Ba a kuma tsallake yini, domin ragowar asusun da aka rufe da ita yau ita ce ake buɗe gobe da ita. Ta haka matsalar dare ɗaya take zama ta makonni.

Na kawo wannan ne domin a yawancin ma'aikatu rumbun asusu yana da kwafin ajiya da tsarin dawo da shi da mai kula da shi, jadawali kuwa ana ɗaukarsa kayan aikin ɗakin kwamfuta. Wannan rabo bai dace ba. Duk canjin da za a yi wa manhajar jadawali, a gwada shigarsa, a kuma gwada fitarsa, a kan kwafin da ya kai na gaske nauyi. A ɗauki kwafin matsayinta kafin a taɓa ta. Taswirar dogaron ayyuka kuma ta kasance a rubuce a wani wuri da ba cikin manhajar ba, yadda ma'aikacin dare zai iya buɗe ta ko da allon jadawalin ya mutu.

7.0 Atisaye

Shawarata ga duk mai karɓar manhajar aikin jimla, daga ɗan kwangila ko daga ma'aikatansa, ita ce kada ya sa hannu sai an yi wannan gwaji a gabansa. A gudanar da aikin sau ɗaya ba yankewa, a rubuta adadin bayanai da jimillar kuɗi. A mayar da komai farko, a sake tayar da shi, a kashe shi da SIGKILL a lokacin da mai rubuta manhajar bai zaɓa ba, a ɗora. A maimaita a wurare daban-daban, har da lokacin da yake tsakiyar yada zango, har da bayan an tura agogon gwaji ya haye tsakar dare. A kowane zagaye adadi da jimilla su yi daidai da na farko, lambobin umarnin da suka fita waje kuma kada ɗaya ta bayyana sau biyu. Wanda zai ɗora aikin a wannan gwaji ya zama ma'aikacin da ke kwana a ɗakin, da takardar umarnin da za a bar masa, ba wanda ya rubuta manhajar ba. In ya tsaya yana neman lambar wayar wani, takardar ba ta cika ba, a mayar da ita a gyara kafin a ci gaba.